Kurakuran da aka fi yi wajen feshin boron a lambun fic

Fic (peach da Turanci) itace ne mai 'ya'ya na ƙasashe masu sanyi, amma an samar da irin da ba ya buƙatar dogon sanyi, wanda ake nomawa a Fulorida ta Amurka da kudancin Barazil da arewacin Indiya. Masu lambu a Kaduna da suka dasa shi kusa da mangwaro da lemo sukan ji cewa boron, wani sinadari da tsiro ke buƙata ɗan kaɗan, shi ne maganin zubewar fure, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin sai da wannan sinadari garin fure yake tsirowa ya miƙa siririyar jijiyarsa zuwa cikin fure har ɗa ya ƙullu. Sai dai tazarar da ke tsakanin abin da ya wadatar da abin da ya zama guba ƙarama ce ƙwarai, kuma fic yana cikin itatuwan da ba sa jure yawansa.

Saboda haka kuskure mafi muni shi ne awo da ido. Na ga mai lambu ya ɗebo farin garin boron da gwangwanin madara ya juye a famfon goyo, kamar yadda ya saba yi da takin zamani, alhali abin da aka saba amfani da shi bai wuce giram 1 na borik asid a kowace lita ta ruwa ba, wato giram 16 a famfo mai cin lita 16. Sakamakon wuce gona da iri ba ya ɓuya: kan rassa ya bushe, ƙaro ya riƙa tsattsafowa daga bawo, 'ya'yan su fito a karkace. Gyaran shi ne a nemi ƙaramin sikeli, a auna sau ɗaya a murfin kwalba, a yi masa alama, sannan a karanta takardar da ke jikin leda, domin garin boron iri-iri ne a kasuwa: boraks yana ɗauke da boron kusan kashi 11 cikin ɗari, borik asid kusan 17, Solubor kuwa kimanin 20, ke nan awo ɗaya ba zai yi musu duka ba. Boraks kuma ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi, sai an fara dama shi da ruwan ɗumi, in ba haka ba ya kwanta a ƙasan famfo, itacen ƙarshe ya sha rabon kowa.

Na biye da shi shi ne jinkiri. Da yawa ba sa ɗaukar famfo sai sun ga fure na zuba, alhali a lokacin bakin alƙalami ya bushe. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da tohon fure ya kumbura, kafin ya buɗe. Fic yana da wata falala da lemo ba shi da ita: boron da aka fesa wa ganyensa yana bin sukarin itacen ya koma rassa, don haka feshin da aka yi bayan girbi, ganye na nan kore, yana amfanar furen shekara mai zuwa. A yi feshin da sanyin safiya ko da yamma, ba da tsakar rana ba, kuma kada a haɗa shi da maganin ƙwari idan fure ya buɗe, domin ƙudan zuma ne za su fara mutuwa.

Akwai kuma masu maimaita feshi kowace shekara ba tare da gwaji ba. Ƙasa mai rairayi wadda damina ke wankewa ita ce ta fi rasa boron, amma gwajin ƙasa da na ganye, irin wanda ake yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, shi ne zai tabbatar.

A ganina, abin da ya fi wahalar karɓa a nan shi ne cewa sau da yawa laifin ba na boron ba ne. Ko irin da ba ya son dogon sanyi yana buƙatar sa'o'i ɗari ko fiye na sanyi mai ratsa jiki kafin ya yi fure yadda ya kamata, hunturun Kaduna kuwa da wuya ya sauka zuwa digiri 7, wato irin sanyin da ake nufi, sannan zafin da ke biyo baya a watan Fabrairu da Maris yana lalata fure. Itacen da furensa ya fito tsilla-tsilla, ko wanda aka bari da ƙishirwa a rani har saiwarsa ta kasa jan abinci daga busasshiyar ƙasa, ban ruwa da rufe gindinsa da ciyawa da sauya iri ya kamata a fara dubawa kafin a sake cika famfo.