Babi na Shida: Fansho da Kuɗin Tallafi a Birtaniya

Wannan babi na 'yan ajinmu ne mazauna Birtaniya, masu aiki kuma masu karɓar tallafin Universal Credit. Wanda takardar zamansa ta hana shi cin tallafin gwamnati, babin bai shafe shi ba tukuna. Kada ya nema, neman na iya ɓata masa takarda. Sauran kowa ya ɗauko abu uku ya ajiye a gabansa: takardar albashinsa ta watan jiya, takardar banki, da wayarsa. A samu biro. Ba gaggawa muke ba.

Darasi na 1: Wace fansho gare ku?

Fansho ajiya ce ta ranar tsufa. Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai ta wurin aiki, wadda ake cirewa daga albashi tun kafin ya shigo hannunku. Tun 2012 doka ta fara tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su sa mutanensu a ciki. Akwai kuma ta ƙashin kai, wadda mutum ya buɗe da kansa a wani kamfani, yana tura kuɗi daga asusunsa na banki.

Ku duba takardar albashi. In kun ga an cire kuɗin fansho a nan, ta wurin aiki ce. Ku duba takardar banki. In kuɗin daga can yake fita, ta ƙashin kai ce. Wani yana da duka biyun, ba laifi. Ku rubuta amsar a gefen shafi kafin mu wuce. Alhajin da ya tambaye ni batun riba makon jiya: wasu kamfanonin, irin su Nest, suna da asusu mai bin tsarin shari'a, sai dai mutum ne zai zaɓa da kansa.

Darasi na 2: Lissafin

Universal Credit tallafi ne da ake auna shi da abin da mutum ke samu. Albashi ya ƙaru, tallafi ya ragu. Tun watan Nuwamba na 2021, a kowane fam ɗaya na albashi ana rage kwabo 55 daga tallafi. Masu yara, da waɗanda aka tabbatar rashin lafiya ta rage musu ƙarfin aiki, ana yafe musu wani kaso na farko kafin a fara ragewa.

To, ga inda fansho ta shigo. Kuɗin da kuka zuba a fansho, ana cire shi gaba ɗaya daga albashi kafin a yi wancan lissafi.

Mu ɗauki mutum marar yara, albashinsa bayan haraji fam 1,000 a wata. Ana rage masa fam 550 daga tallafi. Sai ya fara zuba fam 80 a fansho ta ƙashin kai. Yanzu albashin da za a lissafa fam 920 ne, ragin kuma fam 506. Ku cire 506 daga 550. Ku yi da biro, ina jira. Fam 44 ke nan ya dawo masa. Bayan haka hukumar haraji, HMRC, tana ƙara masa fam 20 a cikin fanshon. Ajiyarsa ta zama fam 100, aljihunsa kuwa fam 36 kawai ya yi kuka.

In lissafin bai shiga ba, a sake daga farko. Ni ma da na fara sai da na yi sau uku. Amma a lura: wanda ba shi da albashi ko kaɗan, babu abin da za a cire fanshon daga ciki, don haka tallafinsa ba zai ƙaru ba.

Darasi na 3: Ku gaya musu

Nan ne kowa ke faɗuwa, don haka nan za mu daɗe.

Fanshon wurin aiki yawanci takan isa ma'aikatar tallafi, DWP, da kanta, domin mai aikinku yana aika bayanin albashi ga hukumar haraji. Ta ƙashin kai ba ta tafiya da kanta. Ba wanda zai kai labarinta sai ku. Bankinku ba zai faɗa ba. Kamfanin fansho ba zai faɗa ba. In ba ku faɗa ba, fam 44 ɗin nan yana can, bai san hanyar gidanku ba.

Ku buɗe asusunku na Universal Credit a waya. Ku nemi shafin saƙo, wanda aka rubuta wa journal. Ku rubuta abu uku: nawa kuka biya, ranar da kuka biya, da sunan kamfanin. Ku ce kuna so a cire shi daga albashin wannan wata. Ku danna aikawa. Rubutu ba aikawa ba ne. Ku tabbata saƙon ya bayyana a shafin da kwanan wata a jikinsa. Sannan ku ɗauki hoton allon wayar. Za a iya neman shaida, don haka takardar banki da wasiƙar kamfanin su zauna a jaka ɗaya.

Yaushe? Kowane wata. Ba sau ɗaya ba. Kowane wata. Kuma watan da ake nufi ba na kalandar bango ba ne. Watan lissafinku yana farawa daga ranar da kuka fara neman tallafi. Wanda ya nema ran 12, watansa daga 12 ne zuwa 11 ga wata mai zuwa. Ku nemo taku ranar yanzu, ku rubuta ta da manyan lambobi, ku manna a ƙofar firiji. Mai sana'ar kansa ya sa kuɗin fanshon cikin bayanin samu da kashewa da yake bayarwa duk wata.

Akwai wata Hajiya a ajin bara, mai aikin kula da tsofaffi, ƙwazo kamar me. Ta zo min da takardunta a ledar shago, a nannaɗe da roba. Wata bakwai tana zuba fam 80, ko sau ɗaya ba ta rubuta ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, ai na zaci kwamfutarsu tana gani." Muka ninka 44 sau 7, ya ba mu fam 308. Ta yi shiru tana kallon takardar, can ta ce kuɗin takalman makarantar yara ne har da canji. Sai da ta sha rubuce-rubuce kafin a waiwaye ta.

Na ba da labarin nan a wannan ajin ma. Kuka ce Allah sarki. Da wata ya zagayo na tambaya wa ya rubuta, hannu biyu na gani a sama. Haba jama'a! Kuna da lokacin tura gaisuwar Juma'a a WhatsApp ga mutum hamsin, layi uku ne ya gagare ku? Kada wanda ya sake ce min ɗansa zai yi masa in ya dawo. Ɗan yana da nasa sha'anin. Nawa, ranar, sunan kamfani, aikawa, hoto. Ku maimaita da baki. Nawa, ranar, sunan kamfani, aikawa, hoto.

In kun rubuta amma bayanin biyan wata ya fito ba a cire ba, ku sake rubutawa ku nemi a sake duba hukuncin. Wata ɗaya ake bayarwa. Ofishin Citizens Advice na taimakawa kyauta.

Darasi na 4: Ajiyar banki

Ajiyar da ba ta wuce fam 6,000 ba, ba a kula ta. Daga nan zuwa 16,000, ana rage fam 4.35 a wata kan kowane fam 250. Ta wuce 16,000, babu tallafi. Kuɗin da ke cikin fansho ba a ƙirga shi muddin ba ku taɓa shi ba kuma ba ku kai shekarun fanshon gwamnati ba.

Na ga idon wasu ya buɗe. A'a. Wanda ya kwashe ajiyarsa ya antaya a fansho don kawai ya samu tallafi, ana iya lissafa masa kuɗin kamar yana hannunsa.

Darasi na 5: Ranar cirewa

Ba a taɓa fansho sai an shekara 55, daga Afrilun 2028 kuma sai 57. In kun ciro dunƙule, ya zama ajiya, a koma darasi na 4. In wata-wata kuke karɓa, fam ɗaya na fansho yana cinye fam ɗaya na tallafi. Wanda ya kai shekara 50 ya nemi ganawa da Pension Wise, masu ba da shawara kan fansho a ƙarƙashin gwamnati, kafin ya sa hannu. Kyauta ce.

Darasi na 6: Sauran tallafi

A Housing Benefit, wato tallafin kuɗin haya, rabin abin da aka zuba a fansho ake cirewa daga albashi, ba duka ba. Rangwamen harajin ƙaramar hukuma kuwa, kowace da tsarinta, ku tambayi taku.

Aikin gida: kowa ya zo da hoton saƙonsa ranar Asabar.