Jariri ba ya sallama ranar da zai fara juyawa: kurakuran da aka fi yi

"Ai bai iya juyawa ba tukuna." Ita ce maganar da ke fitowa daga bakin uwa ko kaka bayan an tsinto jariri a ƙasa yana tsala kuka, goshi a kumbure. Daga Birni zuwa Zango a Damagaram har ƙauyukan Mirriya maganar ba ta canzawa, kuma na gaji da jin ta.

Yawancin jarirai suna fara juyawa tsakanin wata 4 da wata 6. Daga rub da ciki zuwa rigingine ita ke fara zuwa, don ta fi sauƙi: ya dafa hannuwa, ya ɗaga kai, nauyin kan ya rinjaye shi, sai ga shi a kan bayansa. Komawa daga rigingine zuwa rub da ciki tana bukatar ƙarfin wuya da kafaɗa da tsokar ciki, shi ya sa takan kai wata 5 ko 6. Amma akwai mai yi tun yana wata 3, kuma tun kafin nan shure-shure kawai kan matsar da yaro zuwa bakin gado.

Babban kuskure shi ne barin jariri shi kaɗai a kan gado. Gadon aure mai tsayi, an ɗora masa katifa mai kauri, ƙasa kuwa daɓen siminti. Uwa ta shimfiɗe shi a tsakiya ta fita duba tukunya, wai yanzun nan za ta dawo. Juyi biyu ko uku sun ishe shi kai wa baki, kuma da yake kan jariri yana da nauyi sosai in an kwatanta da girman jikinsa, kai ne ke fara isa ƙasa. Sai a ce ai an kare shi da matashin kai. Matashi ba katanga ba ce. Ko ya ture shi da ƙafa, ko ya kifa fuska a ciki ya kasa ɗagowa, wanda ya fi faɗuwar muni. Wasu kuma sun dogara da sange. Sange na sauro ne, kuma wajibi ne yaro ya kwana a cikinsa, amma bakin da aka cusa ƙarƙashin katifa ba ya riƙe yaro mai kilo 6 ko 7. Ko ya zame, ko yaron ya maƙale tsakanin katifa da bango. Sannan ku iyaye, wace irin dabara ce a ce wa yarinya ƴar shekara 5 "duba ƙanenki" a tafi? Ita ma fa a duba ta ake bukata.

Ni ba na jiran wata 4. Tun ranar suna nake cewa a sauko da shimfiɗarsa ƙasa: tabarma, ko siririyar katifa mai tauri, a ɗaura sange a kanta. In za a canza masa ƙunzugu a kan gado, a tara ruwa da sabulu da zane tukuna, hannu ɗaya kuma kada ya bar cikinsa. An yi sallama a ƙofa? Ɗauke shi ki goya. Ƙasan ma a gyara ta: murhun gawayi na hunturu, butar shayi, bokitin ruwa da leda su yi nesa da tabarmar, kuma da bazara a kakkaɓe ta saboda kunama.

In har ya faɗo, kada a gasa kumburin da ruwan zafi ko a murza shi. A ɗora tsumma mai sanyi, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Idan yana ta amai, ko ya ƙi nono, ko barci ya danne shi ana tashinsa da ƙyar, ko ya yi jijjiga, ko maɗigarsa ta kumbura, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a wuce likita a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Kuskure na biyu shi ne kifa jariri don ya yi barci. Kaka za ta ce a kife ya fi daɗewa yana barci, kuma kada tumbuɗi ya shaƙe shi. Iya, da girmanki, wannan ba haka take ba. In yana rigingine, hanyar numfashi tana saman hanyar abinci, nonon da ya taso sai ya koma inda ya fito. A kife ne hanci ke nutsewa cikin katifa, yaro ya yi ta shaƙar iskar da ya fitar, wuyansa bai yi ƙwarin da zai ɗago ba. Mutuwar jarirai cikin barci ta fi yawa tsakanin wata 2 da wata 4, dab da lokacin da ake fara juyi. A Amurka, bayan an fara yekuwar kwantar da jarirai rigingine a 1994, irin wannan mutuwar ta ragu da fiye da rabi. Kwantarwa a gefe ma ba mafita ba ce, don daga gefe sai kifewa. A kwantar da shi rigingine har ya cika shekara. In ya kife da kansa alhali bai iya dawowa ba, a juyo shi. Ranar da ya iya zuwa da dawowa, a bar shi yadda ya zaɓa, muddin shimfiɗar mai tauri ce, babu matashi babu tulin zannuwa. Naɗe shi da zane har hannuwa kuma ya ƙare da zarar ya fara karkata gefe, don wanda ya kife hannuwa a ɗaure ba shi da abin dafawa.

Sai masu tsoro da suka wuce gona da iri, yaro daga goyo sai cinya, daga cinya sai goyo. Goyo yana da amfani, yana ƙarfafa wuya, amma a bayan uwa ba a koyon juyi. Kifawar da aka hana a barci ita ake so a farke. A fara da minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana, babba na zaune a gefe, ba da ƙoshin nono ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a kai aƙalla minti 30 a rana, a rarrabe. In ya ƙi tabarma, uwa ta kishingiɗa ta kife shi a ƙirjinta. Don taya shi juyi, a kaɗa ƙaramar ƙwarya ko cokali a gefensa, a lanƙwasa ƙafa ɗaya a tsallakar da ita kan ɗayar daga ƙugu, sannan a dakata ya ƙarasa da kansa. Hannun da ya danne ƙarƙashin ƙirji a ba shi lokaci ya zaro. A yi dama a yi hagu. Kada a ja shi ta hannu, gaɓoɓinsa ba su yi ƙwari ba.

Girke yaro a baho ko kwali an tokare shi da tsummoki yana wata 3 ba ya gaggauta zama, lokacin tabarma kawai yake cinyewa. Tulin riguna da hunturu suna hana motsi. Shayar da yaro ɗauri ba ya sa juyi, nono zalla har wata 6 ya wadatar. Bakwaini kuma a cire masa watannin da ya rage a ciki: mai wata 6 da ya zo da saura wata 2, a auna shi da ɗan wata 4, ba da ɗan maƙwabciya ba.

Jinkirin ƴan makonni ba ciwo ba ne. Amma a ɗauki karne, wato katin lafiyar yaro, a tafi awo idan ya cika wata 4 kai na langaɓewa, ko ya cika wata 6 ba ya juyawa ko ta wane gefe, ko jikinsa ya sandare ko ya saki, ko hannu ɗaya kaɗai yake motsawa, ko ya daina abin da ya riga ya iya. A roƙi ma'aikaciyar ta duba nauyinsa a karnen, don tamowa na rage ƙarfin tsoka, kuma a faɗa mata ainihin abin da ake gani a gida.