Yadda Ake Zaɓar Littafin Jagora Kafin Tafiya Wani Birnin Turai

A Samaru da Kongo na Zariya ba a rasa malamin jami'a ko ɗalibin digiri na uku da aka gayyata taro a Faris ko Landan ko Rum, wanda bayan an tashi taron zai samu rarar kwana biyu ko uku kafin jirgi ya dawo da shi Kano ko Abuja. Waɗannan 'yan kwanaki suna saurin salwanta, domin wanda bai san gari ba yakan ƙarar da su tsakanin ɗakin otel da shagon tsaraba. Littafin jagorar tafiya, wato wanda ya tattara taswirar birni da tarihin wurarensa da hanyoyin sufurinsa, yana rage wannan asara matuƙa, amma sai mutum ya san wanda zai saya, ya kuma san iyakar inda zai yarda da shi.

Abu na farko da za ka duba shi ne shekarar bugawa, kuma kada kyan bango ya ɗauke maka hankali. Buɗe shafin da ke bayan sunan littafin, ko na ƙarshe, inda ake rubuta bugu na nawa ne da shekararsa, sa'annan ka tuna cewa marubucin ya zaga birnin ne watanni da dama kafin littafin ya fito daga maɗaba'a. Wani abokin aikina ya ari irin wannan littafi a hannun maƙwabcinsa a Tudun Wada lokacin da zai je Balin, babban birnin Jamus, ya zauna ya haddace motar da ake shiga daga filin jirgin Tegel zuwa tsakiyar gari, alhali an rufe wannan filin tun Nuwamban 2020, kuma jirage sun koma sabon filin Brandenburg da ke kudancin birnin. Irin wannan canji ba ya ƙarewa. Littafin Landan da aka buga kafin 2022 bai san an buɗe layin dogo na Elizabeth ba, wanda yanzu yake ɗauko fasinja daga filin jirgin Heathrow ya ratsa tsakiyar gari. Na Faris kuwa, idan ya fito tsakanin gobarar Afrilun 2019 da Disambar 2024, zai ce maka majami'ar Notre-Dame a rufe take. Na Santambul da ya girmi 2020 zai kira Aya Sofiya gidan tarihi, bayan kuwa an mayar da ita masallaci. A ganina duk littafin da ya haura shekara uku a ajiye shi don karatun tarihi kawai.

Sai ka nemi littafin birnin da za ka je shi kaɗai. Wanda ya haɗa Turai baki ɗaya yana da nauyi a jaka, kuma shafukan da ya ware wa kowane birni ba su wuce ɗanɗano ba. Kamfanonin da ke buga su ma kowanne da halinsa. Lonely Planet, wanda Tony da Maureen Wheeler suka kafa a 1973, ya yi suna wajen bayanin sufuri da masauki mai sauƙin kuɗi. Rough Guides, da ya fara a 1982, ya fi zurfafa a tarihi da al'ada. DK Eyewitness kuwa hotuna ne da zane-zanen gine-gine, har yakan nuna maka cikin fada ɗaki bayan ɗaki, kuma shi nake ba wa mai zuwa karon farko shawara, domin ido ya riga ya saba da wurin kafin ƙafa ta taka shi. Idan ba ka same su a shagunan littattafai na Zariya ko Kaduna ba, da yawansu ana sayar da su a intanet a sauke a waya, ko ka saya a filin jirgin da ka sauka, ko da yake can sun fi tsada.

Kafin ka biya, yi wa littafin jarrabawa da tambayoyi uku. Yaya zan fita daga filin jirgi zuwa masaukina, kuma nawa ne? Akwai taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa da za a iya karantawa ba tare da tabarau ba? Ta uku kuma, wadda ta fi bambanta littafi da littafi a wurinmu, ita ce ka je fihirisar ƙarshe ka nemi masallaci da abincin halal. Littafi mai kyau na Faris zai nuna maka Babban Masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1926 kusa da lambun Jardin des Plantes, na Rum zai ambaci masallacin da aka buɗe a 1995 a arewacin gari, na Landan kuma ba zai tsallake masallacin Whitechapel ba. Yawancinsu dai sun ambaci waɗannan wurare ne a matsayin abin kallo, ba su damu da lokacin Juma'a ba, don haka wannan sai ka nemo da kanka.

Idan littafin ya shigo hannu, ka raba abin da ke cikinsa gida biyu. Tsarin tituna, tarihin gini, nisan wannan unguwa da waccan, da ladubban mutanen gari ba sa canjawa da wuri, kuma a kansu za ka iya dogara da shi fiye da bidiyon da wani ya ɗora a Facebook bayan kwana ɗaya a birnin. Farashi, lokacin buɗewa, da sunayen gidajen abinci kuwa, ka ɗauke su a matsayin labarin bara, ka tabbatar da su a shafin intanet na wurin kansa mako guda kafin tafiya. Ɗauki fensir ka zagaye ranakun hutu tun kana gida: gidan tarihi na Louvre da ke Faris ba ya buɗewa ran Talata, na Orsay, shi ma a Faris, ran Litinin, na Fadar Fafaroma kuma ran Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata. Mai kwana biyu kacal da ya jera su a birkice ya yi asarar rabin ziyararsa. Haka nan duk inda littafin ya ce a sayi tikiti tun da wuri, a saya. Fadar Alhambra ta Garnaɗa a Sifaniya, wadda sarakunan Musulmi suka gina, tana da ɓangaren da ba a shiga sai a daidai lokacin da aka rubuta a tikiti, kuma a lokacin zafi tikitin yakan ƙare makonni kafin ranar.

Shafukan da mutane suka fi tsallakewa su ne na ƙarshe, inda aka yi bayanin ƙananan ƙa'idoji, kuma su ne suke hana tara da jin kunya. A can za ka karanta cewa motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, cewa a Rum da Balin sayen tikitin takarda bai wadatar ba sai ka cusa shi a na'ura ta buga masa lokaci, cewa yawancin shagunan Jamus a rufe suke ran Lahadi, kuma cewa ƙarin kuɗin da gidajen abinci na Italiya suke rubutawa a kan kowane mutum al'adarsu ce, ba zamba ba.

Akwai kuma abin da littafin bai sani ba game da kai, domin an rubuta shi ne da Ba'amurke ko Baturen Ingila a rai. Inda ya ce shiga ƙasar ba ya buƙatar biza, ba da mai fasfon Najeriya yake ba. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana ba da izinin zama har kwana 90 a cikin 180, ana neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma ba ta shigar da kai Ingila, don haka shawarar da littafin Faris zai ba ka ta leƙa Landan a jirgin ƙasa ka dawo da yamma tana buƙatar wata bizar daban. Ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje da kuma iyakar abin da zai cira. Ka sayi mahaɗin soket mai ƙafa biyu zagayayyu a Sabon Gari, domin namu mai ƙafa uku a Ingila yake shiga, ba ya shiga a Faransa ko Jamus ko Italiya. Lokutan salla ma sun sha bamban da na gida: a Landan rana ba ta faɗuwa a watan Yuni sai bayan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, wanda ke nufin azahar da la'asar da magariba za su riske ka kusan a jere kana cikin yawo.

Duk waɗannan ka rubuta su da hannunka a farar takardar da ke cikin bangon littafin, tare da adireshin masaukinka, da sunan tashar da ta fi kusa da shi, da lamba 112 ta neman agajin gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai. Ka ɗauki hoton wannan shafi da na taswira a wayarka, littafin kuma ya zauna a jakar hannu, kada a sa shi a babban akwatin da za a auna.