Yadda na gyara layin gefe mai launi da ke cinye jikin siffa a GIMP

A GIMP, manhajar gyaran hoto, na so in zagaye wani tauraro shuɗi da jan layi domin ya fito sosai a kan hoto mai duhu, sai na zaɓi siffar, na yi amfani da umarnin Stroke Selection, mai zana layi a kan iyakar abin da aka zaɓa, da kaurin fiksel 10 (fiksel shi ne ɗigo mafi ƙanƙanta na hoto). Abin da ya fito bai gamsar da ni ba, domin shuɗin ya ragu, siraran tsinin tauraron kuma jan ya kusa haɗiye su. Daga baya na gane cewa kuskuren nawa ne: wannan umarni yana ɗora layin a tsakiyar iyakar zaɓi, wato fiksel 5 a waje, 5 a ciki, saboda haka rabinsa jikin siffar yake ci.

Hanyar da ta fisshe ni ita ce raba layin da siffar. Na danna Alpha to Selection a kan shimfiɗar (layer) da tauraron yake kai domin ya zaɓo siffarsa daidai, na faɗaɗa zaɓin da fiksel 10 ta hanyar Grow, sannan na buɗe sabuwar shimfiɗa marar launi a ƙarƙashinsa, na cika zaɓin da ja. Tauraron ya rufe tsakiya, jan ya leƙo ta gefe kaɗai, shuɗin bai taɓu ba.

Faɗaɗawar takan ɗan mulmule kusurwoyin layin, amma ni na fi son hakan, musamman tunda yanzu ina iya sauya launin gefen ba tare da na taɓa tauraron ba.