Yadda Ake Raba Cikin Mota da Wari

Yawancin masu mota, idan suka buɗe ƙofa da safe wari ya tarbe su, turare suke fara nema. Wani ya rataya ɗan kwalin ƙamshi a madubi, wani ya feshe kujeru da na gwangwani, bayan kwana biyu ƙamshin ya gushe warin ya dawo, wani lokaci ma su haɗu su zama abin da ke tayar wa fasinja zuciya a doguwar tafiya. Dalili kuwa shi ne kowane wari yana da inda yake fitowa, kuma muddin abin da ke haifar da shi yana nan cikin soso ko ƙarƙashin kafet, turare rufe shi kawai yake yi na ɗan lokaci.

Aikin farko na hanci ne. A rufe motar na awa ɗaya ko biyu, sannan a shiga a tantance irin warin, domin kowanne yana nuna inda za a duba. Ƙarni yana nuna kifi, nama ko madara, zarni yakan fito daga kujerar da yara ke zama, warin fumfuna mai kama da na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba kuma alama ce ta danshi. Akwai waɗanda ba na wanki ba ne sam, na gareji ne: warin fetur alhali ba a ɗauko jarka ba, ƙaurin waya ko roba, warin ruɓaɓɓen ƙwai wanda kan fito daga salansa ko daga batirin da caji ya yi masa yawa, da wani ƙamshi mai ɗan zaƙi da ke nuna ruwan sanyaya inji yana yoyo. Mafi haɗari shi ne hayaƙin salansa ya riƙa shigowa ciki, saboda yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ita kanta ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci, kuma tana kisa. Wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan ya sauke gilasai ya nufi wurin bakanike, kada ya tsaya neman sabulu.

Idan an tabbatar ba matsalar inji ba ce, sai a kwashe komai daga motar. A fitar da tabarmin ƙafa, a tura kujerun gaba har ƙarshe sannan a dawo da su baya, a zura hannu cikin aljihunan ƙofa da tsakanin mazauni da majingina, inda ɓawon gyaɗa da guntun tsire da ledar da aka manta suke maƙalewa. A buɗe but a ɗaga shimfiɗarsa a ciro safaya, domin ramin da take zama yana tara ruwan sama idan robar murfin ta saki, kuma mutum zai iya shekara bai leƙa wurin ba. Bayan haka a share ƙura da injin zuƙa, wanda ake samu a yawancin wuraren wankin mota na birane, tun kafin ruwa ya taɓa komai, don ƙurar da ta jiƙe laka take zama ta shige cikin yadi.

Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne abin sha da ya zube, musamman mai madara. Na taɓa ɗauko fura da nono a roba na ajiye a ƙasan kujerar baya, murfin ya saki a wani rami, na goge abin da ido ke gani da tsumma na ɗauka an gama. A rana ta uku, da zafin watan Afrilu, ba a iya zama cikin motar sai gilasai a sauke. Da aka kwance kujerar aka ɗaga kafet, sai ga soson da ke ƙarƙashinsa ya sha nonon ya yi rawaya, faɗinsa ya ninka abin da na goge a sama. Wannan soso da ake shimfiɗawa don rage ƙara da zafi shi ne maɓoyar wari a kusan kowace mota, kuma wankin sama ba ya isa gare shi. Idan abin da ya zube ya kai kofi guda, a ɗaga kafet ɗin a duba, in soson ya lalace a yanke wurin a sa sabo wajen masu ɗinkin kujera, hakan ya fi sauƙi da arha a kan wanki sau biyar.

Ga yadin kujera da kafet, a dama ɗan sabulun wanke-wanke a ruwan ɗumi, a goga da buroshi mai laushi, a danna busasshen tawul ya tsotse ruwan, a maimaita har tawul ya daina ɗaukar datti. Kada a kwarara ruwa da bokiti ko tiyo, domin a ƙarƙashin kujeru da kafet akwai wayoyi, kuma ruwan da ya shiga soso ba ya fita da wuri. Sannan a haɗa farin ruwan khal da ruwa daidai wa daida a fesa sama-sama. Tsaminsa yana da ƙarfi a farko amma yana tafiya idan ya bushe, kuma yana maganin zarni da ƙarni sosai. Bayan wurin ya bushe a barbaɗa bekin soda, a bar shi ya kwana, da safe a zuƙe shi da inji. A yi su ɗaya bayan ɗaya, saboda idan aka gauraya khal da soda kumfa kawai suke yi, kowanne ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Haka kuma kada a taɓa haɗa khal da ruwan bilic, haɗin yana fitar da iska mai guba, bilic ɗin ma shi kaɗai yana koɗar da yadi. Kujerar fata kuwa tsumma mai ɗan danshi da man goge fata ya ishe ta, khal yana busar da ita har ta tsattsage.

Busarwa ita ce rabin aikin, kuma a nan ne na ga an fi yin sakaci. Sau da yawa mai mota yana gaggawa, a wanke masa kafet a mayar da tabarmin roba a kai yana jiƙe, a rufe ƙofofi, bayan mako guda fumfuna ta kama. A ajiye motar a rana, ƙofofi da but a buɗe, na tsawon yini, a shanya tabarmi daban, kuma kafin a mayar da su a danna tafin hannu da ƙarfi a kan kafet, in an ji sanyin danshi to da saura. Shi ya sa babban wanki ya fi dacewa da rani ko hunturu, lokacin da iska take a bushe. Idan dole ta sa aka yi shi da damina, a sa fankar gida ta riƙa hura cikin motar.

Wani warin ba ya tashi sai an kunna na'urar sanyi, ya bugo daga ramukan iska na ɗan lokaci sannan ya lafa. Asalinsa raɓa ce da ke taruwa a kan sashen da ke sanyaya iska a bayan dashbod, ta haɗu da ƙura ta zama gidan fumfuna. Ruwan da ake gani yana ɗiga ƙarƙashin mota idan na'urar tana aiki daga nan yake fita ta wani siririn tiyo, kuma idan tiyon ya toshe sai ruwan ya koma ciki ya jiƙa kafet, galibi a gefen mai zaman gaba. Mai gyaran na'urar sanyi zai buɗe tiyon ya fesa kumfar da aka yi domin wanke wannan sashe. Matatar iskar ciki kuwa, wadda a motoci irin su Corolla da Camry take bayan akwatin ajiya na gaban fasinja, mai mota da kansa zai iya cirowa ya duba. Masu ƙera motoci sukan ce a sauya ta tsakanin kilomita 15,000 zuwa 30,000, amma inda ƙurar hunturu take da yawa ba ta kai hakan, don haka duba ta a ƙarshen kowane hunturu ya fi. Yana kuma taimakawa a kashe sanyin a bar fanka kaɗai tana aiki minti biyu ko uku kafin a isa gida, domin raɓar ta bushe.

Hayaƙin taba shi ne mafi naci, don yana manne wa rufi da gilasai da bel ɗin kujera. A goge gilasai da robobi, a janyo bel har ƙarshe a wanke, rufin kuma a shafa shi da tsumma mai ɗan danshi kawai, saboda da gam aka manna yadinsa kuma ruwa yana sa ya saki. Ɗoyin mushe a motar da ta daɗe a ajiye galibi ɓera ne ya mutu a hanyar iska, a fara dubawa ta wajen matatar.

Sauran ɗan warin da ya rage bayan wanki, gawayi busasshe wanda ba a kunna ba yana tsotse shi. A ƙulla dunƙule huɗu ko biyar a tsohuwar safa ko yadi mai shara-shara, a sa ƙarƙashin kujeru da cikin but, a sauya bayan 'yan makonni. Turaren wuta, wanda da yawa daga cikinmu muke so, a bar shi sai motar ta tsarkaka ta bushe, kuma kada a ajiye kasko da garwashi a ciki a rufe ƙofofi a tafi, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya kama soso, garwashin kuma yana fitar da irin iskar nan ta salansa. Wanda yake son ƙamshinsa ya turara ƙyalle mai tsabta a waje, ya ninke shi ya ajiye a aljihun ƙofa.