Jan maɓallin rimot ya ƙi aiki? Kurakuran da aka fi yi da risibar tashoshin kyauta

Kusan duk rimot ɗin risibar tashoshin kyauta, ta Strong ce ko Starsat ko Tiger, yana da maɓallai huɗu masu launi: ja, kore, rawaya da shuɗi. Mai sabuwar risiba ya ji ana cewa a Turai da jan maɓallin nan ake buɗe labarai da sakamakon ƙwallo da shirin da ya wuce, sai ya danna nasa, ya ga jerin sauti ne ya fito, ko ma babu abin da ya motsa. Daga nan sai ya ɗora wa risibar laifi, ya ce jabu aka sayar masa. Galibi lafiyarta ƙalau.

Dish yana karɓa ne kawai, ba ya aika komai zuwa tauraron ɗan'adam. Saboda haka kafin mai kallo ya danna abu a amsa masa, sai abubuwa uku sun haɗu: tashar tana watsa hidimar, risibar tana da manhajar da ke karanta ta, sannan idan hidimar na buƙatar ɗauko wani abu daga waje, akwai intanet. A da yawa daga kurakuran da ke ƙasa, ɗaya daga cikin ukun nan ne aka manta da shi.

Neman abin da tashar ba ta watsawa

Wannan shi ne uban kurakuran. Hidimar jan maɓalli ba a cikin risiba take ba, tasha ce ke aiko ta tare da hoto da sauti. Tashoshin Jamus irin su ARD da ZDF da ke kan Astra a digiri 19.2 gabas suna aiko ta da tsarin HbbTV. A Ingila BBC ta daɗe tana amfani da wani tsarin mai suna MHEG-5, wanda akwatunan Freesat, hidimar tashoshin kyauta ta dish a Birtaniya, ke karantawa tun fara aikinsu a 2008. Italiya ta yi shekaru a kan tsarin MHP kafin ta koma HbbTV. Amma mafi yawan tashoshin kyauta da ake kamawa a ƙasar Hausa, a kan Nilesat da ke digiri 7 yamma, ko Badr a 26 gabas, ko Eutelsat 16A, hoto da sauti kawai suke aikowa. Wasu ko jadawalin shirye-shirye ba sa cikewa. Idan tasha ba ta aiko ba, ko ka sayi risiba mafi tsada a kasuwa, allon ba zai nuna maka komai ba.

Akwai wani ruɗani da ke biyo bayan wannan. Tashoshin MultiTV na Gana suna kan digiri 28.2 gabas, daidai inda tashoshin BBC na Ingila suke. Sai mutum ya ce tunda dish ɗinsa ya kama MultiTV, saura ya zuba lambobin BBC. Ba zai yiwu ba. Matsayi ɗaya ne a sama, amma tauraron yana haska wurare daban-daban, kuma hasken da ke ɗauke da BBC an matse shi ne a kan Birtaniya da Ayalan. Ƙara girman dish a Kano ko Maraɗi ko Tamale ɓarnar kuɗi ce. Wanda wannan hidima ta shafa kai tsaye shi ne mazaunin ƙasashe irin su Ingila ko Jamus.

Ɗaukar kowace risiba a matsayin mai HbbTV

Ko a inda ake watsa hidimar, ƙananan risibobin da suka cika kasuwa ba su da injin da ke buɗe ta. HbbTV shafin intanet ne a zahiri: tasha na saka ɗan bayani a cikin siginarta mai ɗauke da adireshin shafin, na'urar kuma ta buɗe shi da burauzarta a saman hoton. Risibar da ba ta da wannan burauza takan tsallake bayanin kamar babu shi. A irin waɗannan risibobi kamfani ya ba maɓallai masu launi wasu ayyuka ne na cikin gida, kamar sauya sauti, jera tashoshi ko goge su.

A duba takardar bayanan na'ura kafin a biya kuɗi. Idan ba a rubuta HbbTV ƙarara ba, to babu. Ganin an rubuta Wi-Fi ko YouTube a kwali ba hujja ba ce. Risibobin Linux masu tsarin Enigma2, irin su Vu+ da Dreambox, wasunsu na buɗe HbbTV idan an saka musu ƙarin manhajar da ta dace. Shi kuwa MHEG-5, sai akwatin da aka ƙera don kasuwar da ke amfani da shi, kamar ta Birtaniya. Mai risiba ta gama-gari a Ingila yana da ɗan sauƙi guda: ƙarin tashar bidiyo da BBC ke buɗewa ta jan maɓalli lokacin manyan wasanni takan fito a bincike kamar kowace tasha, a ajiye ta a jeri a riƙa shiga kai tsaye. Shafukan rubutun ne ba zai samu ba.

Talabijin mai HbbTV, amma ana kallo ta HDMI

Wannan kuskure yana kama har masu haɗa dish. Talabijin ɗin na zamani ne, yana da HbbTV, tashar ma tana watsawa, amma an haɗa dish da risiba, risiba kuma da talabijin ta wayar HDMI. Abin da ke bi ta HDMI hoto ne da sauti da risibar ta riga ta gama sarrafawa. Bayanin da ke tayar da hidimar ya tsaya a cikin risiba, bai ƙarasa talabijin ba.

Gyaran shi ne a duba bayan talabijin. Idan akwai bakin da ake murɗa wayar dish a kai, mai zare kamar na noti, an rubuta SAT ko LNB a gefensa, to yana da na'urar kama tauraro a cikinsa. A cire wayar daga risiba a ɗaura ta nan, a yi binciken tashoshi daga menun talabijin ɗin, a haɗa shi da intanet, sannan a kunna HbbTV a saituna, domin wasu kamfanoni a kashe suke barin sa. Wasu talabijin ɗin kuma ba sa nuna wannan zaɓi sai idan ƙasar da aka zaɓa wajen saitin farko tana cikin masu amfani da tsarin.

Haka lamarin teletes yake, wato shafukan rubutu masu lamba uku da BBC ta fara da sunan Ceefax a 1974 ta rufe a 2012, amma har yanzu tashoshin Jamus da Italiya na watsawa. Shi ba ya buƙatar intanet, kuma yawancin ƙananan risibobi na karanta shi. Sai dai da rimot ɗin risiba ake buɗe shi, da maɓallin TXT, ba da na talabijin ba, saboda shi ma ba ya wucewa ta HDMI. Shafi na 100 shi ne ƙofar shiga.

Jadawalin shirye-shirye da agogon da ya karkace

Jadawalin nan da ke fitowa idan an danna EPG shi ne hidimar da mai risibar kyauta ya fi samu, kuma shi aka fi ɓatawa da hannu. Tauraro yana aiko lokaci ne da agogon GMT, risiba ce ke ƙara bambancin ƙasarka. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi GMT+1 ne, Gana GMT ce ba ƙari, Sudan kuma GMT+2. Risiba da yawa na zuwa da saitin wata ƙasa, sai ka ga jadawali ya ce labarai ƙarfe goma alhali tara ake yi, ko ka saita ɗaukar shiri ka tarar an ɗauko wanda ya biyo bayansa. A shiga saitin lokaci a gyara yankin, a kuma kashe Summer Time, don ƙasashen nan ba sa sauya agogo da bazara.

Idan agogon na sauyawa duk lokacin da aka sauya tasha, to wata tashar ce ke aiko lokacin da ba daidai ba. Kafin a saita ɗaukar shiri, a tsaya a kan babbar tasha mai ingantaccen agogo na kamar minti ɗaya.

Jadawalin da ke nuna shirin yanzu da na gaba kawai ba lalacewa ba ce. Wasu tashoshin iyakar abin da suke aikowa ke nan. Freesat kuma yana aiko jadawalinsa na mako a dunƙule da wani tsari nasa, wanda risiba ta gama-gari ba ta iya warwarewa.

Sandar Wi-Fi da ba ta dace ba

Ƙananan risibobi ba sa karɓar kowace sandar Wi-Fi. Abin da ke cikin sandar ake dubawa, ba sunan da ke jikinta ba, kuma mafi yawansu guntun lantarki (chip) iri biyu suka sani: RT5370 da MT7601. Ka saka wata daban, fitilarta na iya kamawa amma menu ya ce babu na'ura. Littafin risibar yakan faɗi wacce take so.

Waɗannan sanduna a zangon 2.4GHz kawai suke aiki. Idan hotspot ɗin wayarka na kan 5GHz, risiba ba za ta ga sunansa ba ko da wayar na kusa da ita. A sauya zangon a saitin hotspot. Idan ta haɗu amma ba ta buɗe komai, a tabbata DHCP, wato saitin da ke sa risiba ta karɓi adireshin intanet da kanta, a kunne yake, a kuma duba kwanan wata, domin risibar da ke zaton tana wata shekara ta baya ba za ta yarda da shafuka masu tsaro ba. Inda akwai bakin wayar LAN, wato wayar intanet, ya fi Wi-Fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

A kuma tuna cewa duk abin da ya zo ta wannan hanya data yake ci, dish ba ya ɗauke maka ko kwabo. Bidiyon da ke gudu a megabit 2 cikin daƙiƙa yana cinye kusan megabait 900 a awa ɗaya. Sannan wasu hidimomin suna duba ƙasar da intanet ɗinka yake: iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC, na mazauna Birtaniya ne, wasu shirye-shiryen ARD ma ba sa buɗuwa a wajen Jamus.

Zuba sofwaya da gaggawa

YouTube ɗin ƙananan risibobi yakan mutu bayan wani lokaci, saboda an sauya tsarin daga can kuma manhajar risibar ba ta bi ba. A nan ne mutane ke rugawa su zuba duk sofwayar da aka turo a zauren WhatsApp. Risibobi biyu na iya kama da juna a suna da jiki amma kayan cikinsu sun bambanta, kuma fayil ɗin da bai dace ba zai bar na'urar maƙale a kan BOOT ko jar fitila. A shiga bayanan na'ura a rubuta lambar samfuri da ta sofwayar da ke kai, a ɗauko sabuwa daga shafin kamfanin kawai. A fara kwafe jerin tashoshi da tsohuwar sofwaya a filashi mai tsarin FAT32. Kada a fara aikin a kan wutar da ba a amince da ita ba: ɗaukewar wuta a tsakiyar zubi tana kashe risiba kamar yadda fayil mara kyau ke yi, sai an kai wa mai gyara ya tashe ta da kwamfuta ta wayar RS232, idan tana da bakin. Kuma sabuwar sofwaya ba ta mayar da risibar da ba a ƙera da HbbTV ba ta zama mai shi.

Asusun da ake sayarwa don buɗe tashoshin kuɗi ta intanet wani abu ne daban. Satar sigina ce, ba ta cikin hidimomin tasha, kuma ranar da aka rufe sabar babu wanda za ka kama.

Sigina mai rauni

Shafin teletes mai haruffa a warwatse, ko jadawali mai giɓi, sau da yawa daga sigina ne. A allon sigina layin Quality ake kallo. Strength yana iya cika ko da dish na kallon inda babu tauraro, don kusan abin da yake nunawa shi ne risiba na haɗe da LNB, wato na'urar da ke gaban dish mai tattara sigina. A tabbata an saita LNB na zangon Ku a 9750/10600, na zangon C kuma a 5150. Idan rabin tashoshi sun ɓace, a lura da waɗanne ne. In masu harafin H a lambobinsu ne suka tafi masu V suka tsaya, wutar volt 18 ce ba ta isa LNB, sau da yawa saboda doguwar waya mara kyau ko kan waya da ya yi tsatsa, tunda V volt 13 kawai yake buƙata. In kuwa tashoshin da lambar mitarsu ke sama da 11700 ne babu, sautin 22kHz ne a kashe a saitin LNB. A yi amfani da waya RG6, a naɗe mahaɗin waje da tef kafin damina, kuma a cire risiba daga wuta kafin a taɓa wayar dish, don siririn gashin waya guda da ya taɓa tsakiyar ya isa ya ƙona DiSEqC, wato ƙaramar na'urar da ke haɗa LNB da yawa da risiba ɗaya.