Katin banki ko littafin shek ya ɓata: inda mutanen Damagaram suke yin kuskure

Kuskuren da ya fi cutar da mutane shi ne tsayawa nema. Mutum ya dawo daga kasuwar Dole ranar Alhamis, ya laluba aljihu bai ji kati ba, sai ya hau zazzage kaya, ya aiki yaro neman ɗan kabu-kabun da ya kawo shi, ya ce bari gari ya waye. In daren Juma'a ne kuwa, sai ya ce ai banki ya tashi, sai Litinin. Alhali gishe, wato injin cire kuɗin da ke jikin bangon banki, dare da rana yake ba da kuɗi. A fara rufe katin, sannan a nema.

Rufewar nan ita ce ma'aikatan banki suke kira opozisiyo, kuma ba sai ka je da ƙafarka ba. Dokar biyan kuɗi ta ƙasashen UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa), mai lamba 15 ta shekarar 2002, wadda Nijar take aiki da ita, ta yarda a yi ta waya, ko da ba ka riƙe lambar katin a ka ba. Amma akwai sharaɗin da mutane da yawa ba su sani ba: dole ka je ka tabbatar da ita, da takardunka a hannu, cikin awa 24 na lokacin aiki. Wanda ya buga waya ya koma ya kwanta bai gama ba. Ka bi ta komisariya ka karɓi takardar shaidar ɓata ko ta sata, ka haɗa da katin ɗan ƙasa, ka kai banki, kuma kada ka fito sai an buga maka hatimi mai kwanan wata a kan kwafinka. Ranar da gardama ta tashi kan lokacin da aka cire kuɗi, wannan takardar ce za ta tsaya maka. Lambar da ake kira yawanci a bayan katin take, wato tare da shi take ɓata. Ka kwafe ta yau a waya da kuma takarda a gida.

Sai lambar sirri. Abin yana damuna ƙwarai in na ga layin ƙarshen wata, malaman makaranta da 'yan fansho, wani ya miƙa wa saurayin da bai sani ba kati yana cewa "ɗana, taimaka ka ciro mini". Wasu kuma a 'yar takarda suke rubuta lambar su cusa cikin jakar da katin yake, ko su sa shekarar haihuwarsu, wadda ke rubuce a katin ɗan ƙasa da aka sace tare. Wannan daidai yake da kulle shago a bar makulli a jikin kwaɗo. Mai buƙatar taimako ya shiga ciki ya nemi ma'aikaci, lambar kuma ya danna da hannunsa. Kada kuma ka ce tunda ɓarawo bai san lambar ba ka tsira: in katin Visa ne ko Mastercard, lambobi 16 na gaba da uku na baya suna iya isa a yi sayayya a intanet. In wayarka ta tafi tare da katin, rufe layin a wurin Airtel, Moov ko Zamani, don saƙon banki can yake shiga. Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, a ba shi lambar sirri don a rufe kati, ɗan damfara ne.

Shek ya fi tsauri. 'Yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Damagaram da Magarya ko Kano sukan sa hannu a takardu biyu uku su bar wa yaron shago, ba suna, ba adadi. In littafin ya ɓata a haka, wanda ya tsinta sai dai ya cike kawai. Ka daina. Ka riƙa cike guntun da ke saura a littafi, ka ajiye lambar takardar farko da ta ƙarshe a wani wuri dabam, domin banki zai tambaye ka waɗanne lambobi za a tsayar, kuma a rubuce ake tabbatarwa, da dalili. Ka ware waɗanda ka riga ka ba mutane bisa gaskiya, don kada haƙƙinsu ya maƙale. Doka ta yarda da opozisiyo in shek ya ɓata, ko an sace, ko an yi zamba da shi, ko mai riƙe da shi ya karye har kotu ta shiga. Saɓani kan kaya ba ya ciki. Wanda ya ce shek ya ɓata don ya hana dillali kuɗinsa, shi zai tsinci kansa gaban alƙali.

In katin ya fito daga ƙarƙashin katifa bayan an rufe shi, kada ka kai shi gishe, injin na iya haɗiye shi. Mayar wa banki, ka nemi sabo, ka karɓi takardar shige da fice ta asusunka ka bi ta layi-layi, ko jaka biyu ce ta fita ba da saninka ba ka rubuta ƙorafi.